Yashin Gindin Randa

Shekarar da na gama karatun aikin gona na dawo gida Isa, gwaggona, yayar babana, ta baro ƙauyensu na gefen Gatawa saboda 'yan bindiga. Ta iso da ƙullin kaya da kaza guda a kwando, tana kwance a kan ƙwai tara. Washegari kazar ta mutu. Ina jin zafin mota ne, ko da yake ban tabbata ba.

A idona irin nata kaji ne kawai, gajeru, marasa gashi a wuya. Amma Gwaggo ta ce wurin kakarta ta gaji irin, ita ma daga tata kakar, wadda ta ɗauko su a ka lokacin da yaƙi ya tashi Gobirawa daga tsohon birninsu. Ban san iyakar gaskiyar wannan ba. Abin da na sani, in ƙwan nan suka lalace, irin ya ƙare.

Ta turo mini kwandon. "Kai da kay yi bokon kaji, ga su nan."

Na samo kwali, na jera ƙwan a ciki, na kunna fitilar kananzir a gefe guda, ɗumi ya daidaita. Danshi ne ya dame ni. Bazara ce, iska a bushe, kuma a makaranta da na'ura muke auna shi, ni kuwa ba ni da ita. Na sa tasar ruwa, na cire, na mayar da rabi. Da Gwaggo ta gaji da kallona, sai ta ɗebo yashi daga gindin randa, ta zuba a kasko ta tura ciki. Ta ce a ƙauye, a gindin randa kaza take zaɓar yin kwanci in zafi ya yi. Kowace safiya takan damƙi yashin. In ya dunƙule ta bar shi, in ya watse ta yayyafa ruwa.

Ranar da ƙwan farko ya tsage na kasa zama. In buɗe in leƙa, in rufe, in sake buɗewa. Na san sarai buɗewa tana fitar da danshi, don na rubuta haka a jarrabawa, amma na kasa dainawa. Kafin la'asar 'yan tsaki biyu sun maƙale, tantanin ciki ya bushe ya manne musu.

"Likita, tashi nan," in ji Gwaggo. "Uwassu ma ba ta leƙe haka."

"Gwaggo, tsoro nake kada..."

"Tsoron nan naka shi ka kashe su. Tahi masallaci, ni za ni tsare su."

Ta rufe kwalin da jiƙaƙƙen zane, ta bar wa fitila kafar iska, ta zauna a gabansa tana tsinke zogale. Ba wanda ya sake taɓa shi sai washegari.

Shida suka fito. Guda bai tsage ba sam, biyun nan kuma na binne su a bayan rumbu. Gwaggo ta ɗaga shidan ɗaya bayan ɗaya tana juya su a tafin hannu. Ta ce tana zaton huɗu mata ne, amma sai sun yi gashi za ta faɗa da ƙarfi.