Garwashi a Murfin Langa

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji uku a firamaren ƙauyenmu da ke tsakanin Gummi da Bukkuyum. An kwana ana ruwa, ashanar Inna ta sha sanyi ta ƙi kamawa, sai ta miƙo mini murfin langa ta ce in ɗebo wuta gidan Gwaggo Hajo, maƙwabciyarmu. Na fita da guduna ta zaure, na wuce yayana Sanusi yana turo babur ɗin Baba ciki don kada yayyafi ya hana shi aiki. Washegari Baba zai je ɗaurin aure Anka, kuma ba ya hawa babur da datti ko da sama da ƙasa za su haɗu.

Wankin injin nan aikin Yaya ne, yana kuwa ji da shi. Yakan kankare busasshiyar laka da kara, ya zuba fetur a gwangwani ya riƙa tsoma tsohon buroshin haƙori yana bin baƙin man da ya daskare. Lungunan da buroshi ba ya shiga sai ya naɗa tsumma a tsinke. Daga nan ya saci soson ƙarfen Inna da toka mai laushi ya dirje alminiyam ɗin, inda ya yi fari-fari ya matsa lemun tsami, har ya koma kamar sabuwar tukunya. Mukan tsokane shi cewa ko wuyansa bai taɓa samun irin wannan gata ba.

Na daɗe gidan Gwaggo ina cin ɗumamen tuwo. Da na dawo, garwashina jajur, na sunkuya a kansa don kare shi daga yayyafi, na faɗa zauren ban ko ɗaga kai ba. Warin fetur ne ya fara dukan hancina. Yaya ya waigo ya ga abin da ke hannuna, ya zabura, ƙafarsa ta ture gwangwanin. Fetur ya malalo ya bi ƙarƙashin babur, ya zo ya jiƙa mini tafin ƙafa. Zauren jinka ne, hannun rigar Yaya sharkaf yake da mai, kuma babur ya tare ƙofar cikin gida.

"Tsaya nan, Balki," ya ce a hankali, kamar mai lallashin akuya. "Kak ki yada shi. Kin jiya? Kome zahi, kak ki saki."

Murfin ya riga ya ɗauki zafi. Ina jin yatsuna suna soyuwa, ga iska tana shigowa tana hura garwashin yana ƙara ja. Tsoro irin na ranar ban sake jin sa ba, don na san ƙwaya ɗaya in ta gangaro, ni da Yaya mun tafi. Shi kuwa ba halin ya matso ya karɓa. Ya ce in koma da baya ina jan ƙafa, kada in ɗaga, idona a kan fuskarsa. Ina ja yana cewa "Madalla, haka nan, ɗiyar Inna," hawaye na zuba, har na ji yayyafi a ƙeyata. Bai bar ni na ajiye ba sai da na kai gindin dalbejiyar ƙofar gida. Da Inna ta ji, zaman dirshan ta yi tana salati, sannan ta shafa mini zuma a yatsun da suka tashi. Ranar ba a hura wuta a gidanmu ba, fura muka sha.

Yanzu masu wankin babur sun cika bakin titi da injin feshi, ni kuma a birni nake, ina murɗa gas ya kama. 'Ya'yana sukan ji na ce wa baƙuwa mai sauri, "Ɗibar wuta kika zo?" su yi dariya ba su san mafarin maganar ba. Sai da muka yi furfura Yaya ya gaya mini cewa a lokacin shi kansa kalmar shahada yake yi a zuci. Ashe shi ma yaro ne, ya ɓoye nasa tsoron don in iya ɗaukar nawa.