Cizo Ba Duka Ba Ne

Duk wanda ya taɓa zama a barandar Malam Iliya a unguwar Federal Low-Cost ya san kalmarsa: "Na ɗana."

Wasa ne da ɗansa ya kawo daga jami'a, mu manya muka ƙwace. Kowa da jaruminsa, Bukar maƙwabcin Malam ke ba da labari, shi ke juya dodanni, ana jefa ɗan ludo a ga mai sa'a. Yaƙin bi da bi ne. Amma in layi ya zo kanka, kana iya ƙin motsi, ka kafa sharaɗi: in kaza ya faru, zan yi kaza. In bai faru ba har layi ya zagayo, ka yi asara. Wannan dokar Malam ya aura. Jaruminsa maharbi ne, amma mun fi ganin baka a ɗane da kibiya a sama.

Ran nan ya ɗana wa ƙofa, dodo ya shigo ta taga. Ya ce laifin magini ne.

Ni dillalin wake ne, abin da ya zo hannu nake kamawa. Na ce masa kasuwa ba ta jiran mai sharaɗi. Ya ce shi ya sa nake sayen wake da ƙwari.

Jarumina Garba mai takobi, tun farkon wasan nake renonsa. Wata Asabar wani dodo mai kan kura ya ritsa shi, saura ƙiris. Malam kaɗai zai iya cetonsa, kuma layinsa ne. Na roƙe shi ya harba kawai. Ya gyara tabarau ya ce ya ɗana: in dodo ya kai wa Garba duka, zai saki kibiya. Dodo ya gartsa wa Garba cizo. Bukar ya tausaya min, ya ce ai duk ɗaya ne, Malam ya harba.

"Har na yi ritaya Hausa nake koyarwa," in ji Malam. "Cizo ba duka ba ne."

Garba ya mutu. Na tashi ko sallama ban yi ba.

Washegari sai ga Malam a shagona da babbar riga, ya zo min gaisuwa. "Alhaji, ya haƙuri? Garba yaron kirki ne, bai taɓa gudu ba." Masu awo suka ajiye kwano suna tambayar yaushe aka kai shi. Haka na yini karɓar gaisuwa.

Makon jiya Malam ya rasu, ni na je gidansa gaisuwa. Allah ya ba Malam hutu, ya ba iyalinsa haƙuri, mu ma ya ba mu.