Ɓeran Maƙwabciya

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, kowa a Katsina yana maganar zaɓe, ni kuwa ina kiwon maciji a unguwar Kambarawa. Ba don ina so ba, Allah ya sani.

Maigidana malamin kimiyya ne. Wani Bature da suka koyar tare, da zai koma ƙasarsu, ya bar mashi macijin a akwatin gilashi. Ɗan gajere ne, da ratsin ja-ja a bayansa, ba dafi, ba faɗa, sai sanyin jiki kamar wanda aka yi wa dole. Na ce ko ni ko shi a gidan nan. Sai ga shi ciwo ya shanye wa Malam ɓarin jiki, magana ta ɗauke, aikin ya dawo kaina.

Kai, na gaji! In sauya wa macijin yashi, in wanke ɗan kaskon ruwansa, in matsar da akwatin daga rana, bayan na gama juya babban mutum a kan gado. Ga neman ɓera, don ba ya cin komai sai shi, shi ma sai mai rai. Ni da na haifi 'ya'ya na aurar, ni ce nake ɗana tarko a bayan buhun gero.

Amma bayan la'asar Malam yakan buɗe tafin hannunsa mai lafiya a kan gwiwa, in ɗora mashi. Macijin ya naɗe wuyan hannun a hankali. A nan kaɗai nake ganin fuskarsa ta saki, a nan kuma yake yarda ya sha kunu. Ranar da ban ɗora ba, ko cokali ba ya karɓa.

Maƙwabta duk sun ɗauke ƙafa. Har da matar da muke katanga ɗaya, mutuniyar Filato, ma'aikaciyar asibiti, wadda da muke musayar tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti. Daga zaure take tsayawa ta ce, “Maman yara, ya mai jiki? Abin nan yana rufe?”

Wata safiya sai ga ta har tsakar gida, da gwangwani a hannu, tana dariyar jin kunya.

“Na ga wahalar ta yi maki yawa. Ga abincin ɗanku. Ko gudu bai yi ba, da hannu na kama shi.”

Wallahi har ƙwalla na yi. Na yi godiya, na jefa ɓeran a akwati, ta tsaya ta kalla har ya haɗiye. Babu wadda ta tsaya ta tambayi kanta me zai hana ɓera gudu.

Kafin mako ya zagayo macijin ya daina motsi. Da na gaya mata, sai ta dafa ƙirji ta zauna a ƙasa. Ashe mijinta ya zuba shinkafar ɓera a ɗakin ajiyarsu, ita ba ta sani ba. Ni na dinga ba ta haƙuri, don ban da ƙarfin yin fushi.

Na binne shi a gindin dalbejiya, na wanke hannu, na dama kunu. Aka yi la'asar. Na shiga da kofi, na tarar Malam ya riga ya buɗe hannu a kan gwiwa, yana kallon ƙofa.