Murfin Kabad ɗin Innarmu

Babanmu ba ya shiga gidan mutum ya fito bai ƙwanƙwasa wani abu ba. Ƙofa ce, ƙafar kujera ce, sai ya sa ɗan yatsa ya buga, ya kara kunne. Ko dubiya ya je, maras lafiya na nishi, shi yana sauraren katakon gadon. Shi ya sa 'yan unguwa suka laƙaba masa Ƙwanƙwasau, kuma yana amsawa.

Sana'arsa sassaƙa kayan kiɗa masu tsirkiya irin na mutanen da, waɗanda makaɗansu suka daɗe da zama ƙasa. Ma'aikatan gidan tarihi kan kawo masa tsohon zane, ko ragowar wani molo da gara ta cinye, ya shige ɗan shagonsa na bayan gida da gizago da zarto da tukunyar gam, ya tayar da shi. A cewarsa sabon katako bebe ne, sai ya shekara hamsin yana bushewa kafin ya koyi magana.

To, katakon da ya fi kowanne baki yana ɗakin Innarmu: murfin wani baƙin kabad da ta gada daga mahaifiyarta. Baba na da zanen wani abin kiɗa mai tsirkiya goma sha biyu, ya rantse babu abin da zai yi masa fuska sai murfin nan. Shekara talatin yana zawarcinsa.

"Uwargida, ba ni murfi ɗaya kacal, in sa miki sabo mai madubi."

"Malam, ka rataya madubin a shagonka, ka riƙa ganin fuskar mai kwaɗayi."

Da lallashi ya ƙi ci, sai ya koma dabara. Wata rana ya barbaɗa garin katako a ƙarƙashin kabad ɗin, ya kira ta yana salati, wai gara ta shiga, gara a cire murfin tun da wuri. Inna ta share garin tsaf, ta zuba masa a tafin hannu.

"Gai da garar," in ji ta. "Na ga har zarto gare ta."

Sannu a hankali kunnen Baba ya fara tafiya. Likita ya ce da wuya ya kai baɗi yana ji. Baba ya yi ta ɓoyewa, ana yi masa magana yana gyaɗa kai ko ba wurin gyaɗawa ba. Amma ranar da muka raka shi gidan maƙwabci ya wuce wata tsohuwar ƙofa bai ko taɓa ta ba, ni dai tausayinsa ya kama ni, Inna ma ta lura.

Washegari da safe ta kira ni. "Zo ki kama mini, mu janyo kabad ɗin nan wajen haske."

Muka ja, sai na ji shi sakayau kamar kwali. Na leƙa bayansa: babu katakon asali, sai filawud! Allunan ciki ma filawud, an shafe su da baƙin fenti. Baba na bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

"Gara ce," in ji shi.

"Na sani!" Inna ta ɗaga murya don ya ji. "Garar da ke jira sai na tafi kasuwa! Shekara goma sha biyu ina gani duk sanda na ɗaga zannuwana, na yi shiru. Murfin kawai na hana ka, don shi hannun mahaifiyata ya fi taɓawa." Ta miƙa masa sukudireba. "Cire, tun kunnen yana nan."

Wata huɗu ya yi yana aikin, ba ya fitowa sai cin abinci ko salla. Ranar da ya ɗaura tsirkiya ta ƙarshe muka taru a shagon. Ya kaɗa. Sautin ya cika wurin, mai kauri, mai daɗi. Baba ya sake kaɗawa, ya kara kunnen dama, ya juya na hagu. Daga nan ya ɗora haɓarsa a kan katakon, ko zai ji motsin sautin.

"Uwargida, yana magana kuwa?"

Inna ta share ido da bakin mayafi, ta sunkuya daidai kunnensa.

"Yana yi mana! Cewa yake a kama ɓarawo!"

Baba ya yi dariya har da hawaye. Ita kuwa ta kama hannunsa ta mayar kan tsirkiyar.

"Sake kaɗawa, Malam. Ni ina ji."