An Kai Ta

Shekaru da dama sun shuɗe, amma ko daga barci aka tashe ni aka tambaye ni lokacin da abin ya fara, zan faɗa ba gargada. Ƙarfe goma da rabi ne na safiyar wata Laraba, a tsakiyar bazara, muna aji uku a sakandaren 'yan mata ta kwana. Malamin lissafi yana rubutu a allo, sai ƙawata da muke zama benci ɗaya ta kifa kai a kan tebur, ta ce, "Malama Shiru, wuyana ya ƙi juyawa."

Haka take kirana, don ni ko sallama zan yi sai na maimaita ta a zuci tukuna. Ita kuwa bakinta ba ya hutawa. 'Yar wani ƙauye ce na bakin kogi, cikin garuruwan da aka tasa saboda dam ɗin Tiga, a shekarar ne ma ake kwashe su ana mai da su kan tudu. Ni 'yar Bebeji ce. Kullum tsokanarta ita ce mu 'yan Bebeji ba mu san kifi ba sai a hoton littafi. Ni nake yi mata bitar karatu, ita take amsa mini faɗa in wata ta taɓa ni.

Malam ya ce in raka ta wurin matiron, matar da ke kula da ɗakunan kwananmu, wadda muke kira Mama. Ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ciwon lissafi ne. Duk Laraba sai wata ta kawo mini wuya ko ciki." Ta ba ta ƙwayoyin ciwon kai, ta ce ta je ta kwanta.

Washegari ƙawata ko haske ba ta so, ta rufe fuska da ɗankwali tana nishi. Kafin la'asar an kwantar da wata 'yar ajinmu kusa da ita, yarinya ce daga wajen Doguwa, mai hannun kitso, wadda duk ɗakinmu ita ke yi mana shuku. Ranar Juma'a da hantsi motar makaranta ta ɗauki ƙawata. Ba a bar mu mun matsa kusa ba. Ta taga na hango ƙafafunta ana tura su cikin mota. Bayan 'yan kwanaki aka ɗauki 'yar Doguwa. Sai aka zo aka yi mana allura, aka ce a riƙa barin tagogi a buɗe. A bakin masu dafa abinci muka tsinci kalmar sanƙarau, su ma da raɗa.

Na daɗe ina zagaya ƙofar matiron kafin in iya shiga. Na same ta tana ninke zannuwan gado.

Na durƙusa na ce, "Mama, don Allah ya jikin ƙawata?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "An kai ta."

"Asibiti ko gida, Mama? Ina aka kai ta?"

"Ke, ba na ce miki an kai ta ba? Wuce aji."

Na san ku masu karanta wannan kun riga kun gane. Ni ban gane ba. Ni da nake zuwa ta ɗaya a darasin Hausa, nake gyara wa 'yan aji ƙa'idar rubutu, ban san cewa idan babba ya ce an kai mutum, ya yi shiru bai faɗi wuri ba, makwanci yake nufi. A gidanmu ba a taɓa yin rasuwa ina da wayo ba. Sai na fito na shaida wa 'yan ɗakinmu an kai ta gida. Ni da bakina na yaɗa labarin, kuma da yake ba a san ni da ƙarya ba, kowa ya ɗauka. Wata ma ta ce, "Ta huta da jarrabawa, tana can tana cin kifi." Muka yi dariya.

Daga ranar na ɗauki hidimar kayanta. Kowace safiya in gyara gadona in gyara nata, don kada mai duba ɗaki ta sa mata laifi. Na wanke kayan makarantarta, na goge, na ninke a akwatinta. Bokitinta na hana kowa taɓawa. Ƙuli-ƙulinta da ya fara tsami na shanya a rana na mayar. Matiron tana shigowa tana ganina ina ja wa gadon zane, ko sau ɗaya ba ta ce in bari ba.

Da aka yi dogon hutu babu wanda ya tambayi akwatin, sai na haɗa da nawa. A Kwanar Dangora muke rabuwa da ita duk hutu, ta hau tata motar tana ɗaga mini hannu tana ihu kamar za mu shekara ba mu haɗu ba. Ran nan na zauna a kan akwatinta ni kaɗai ina jiran mota.

A gida mahaifiyata ta tambayi akwatin wa na kwaso. Na ba ta labari duka. Ta tsai da tsintar shinkafar da take yi.

"Haka matar ta ce? An kai ta?"

"Haka ta ce, Umma."

Ta dube ni ta daɗe, har na zaci zancen zai fito. Sai ta sunkuyar da kai ta ce kawuna zai je sarin busasshen kifi wajen dam, in bi shi in kai akwatin gidan su ƙawata. Ranar tafiya ta auna gero ta ƙulle mini a tsumma, ta ce in kai musu. Na ce, "To, ai mara lafiya zai so kunu." Ta juya ta shige ɗaki.

Sabon garin nasu babu itacen inuwa ko ɗaya. Gidaje ne a jere, katangunsu ko bushewa ba su gama ba. Kawu ya tambayi gidan, ya sauke mini akwatin a ƙofa, ya wuce wurin masunta. Na yi sallama na shiga. Mahaifiyarta tana zaune a tsakar gida tana tankaɗe. Na ajiye akwati, na durƙusa, na gaishe ta, sannan na ce da fara'ata, "Inna, ya mai jiki?"

Ta ce, "Wane mai jiki, 'yar nan?"

Sai idonta ya sauka a kan akwatin. Ta ajiye rariya a hankali. Ƙawata 'yar fari ce, don haka Inna ba ta kama sunanta, ko a ranar ma ba ta kama ba. Cewa ta yi, "Ke ce ta Bebeji? Mai shirun nan?"

Na ce ni ce.

"Ba a gaya muku ba?"

A lokacin ne kalmar ta juyo ta nuna mini ɗaya fuskarta. Na ji muryar matiron, na ga idon mahaifiyata, na dubi ƙullin geron da ke hannuna. Gaisuwar mutuwa aka aiko ni, ni kaɗai ce ban sani ba. Kuma nan take na tuna 'yar Doguwa, wadda ita ma aka ce mana an kai ta.

Inna ta ce, "Mun yi ta zuba ido. An yi uku, an yi bakwai, an yi arba'in, ko yarinya ɗaya ba mu gani ba daga makarantar nan. Babanta ya ce ƙila 'yan boko ba sa gaisuwar mutuwa."

Wannan maganar har yau ba ta bar ni ba. Mu muna can muna dariyar tana cin kifi, uwarta tana nan tana duban ƙofa.

Ta buɗe akwatin, ta ga kaya a goge a ninke. Ta ce, "Wannan ba ninkinta ba ne." Sai ta rufe. Na so in tambaye ta inda aka binne ta, sai na fasa. Mace ba ta zuwa maƙabarta, yarinya kuma ba ta yi wa uwa irin wannan tambayar a rana irin wannan.

Da muka koma makaranta, na yi abin da ban taɓa yi ba, na shiga ɗakin matiron ban durƙusa ba. Na ce, "Mama, ashe rasuwa ta yi."

Ta ce, "Ƙarya na yi miki? An kai ta na ce."

"Kin ga ina gyara gadonta."

"To me kike so in yi? Da mun buɗe baki, da iyayenku sun zo sun kwashe ku kaf, da wa zai sake kawo 'yarsa boko? Ke dai ki yi musu addu'a." Na sake tambayarta inda aka kai ta. Ta ce in fita.

Ni na shaida wa 'yan ajinmu, kamar yadda ni na shaida musu na farko. Babu taron addu'a da aka yi, babu wanda ya ambaci sunayensu a filin taron safe. Aka ɗauke gadajen biyu, aka matsa sauran.

Yanzu mun tsufa. Idan muka haɗu da waɗanda suka rage a wurin biki ko suna, mukan tuna 'yan ajinmu da suka rasu, kuma sun yi yawa. Amma kowace an kira mu, mun je, mun zauna a tabarma, mun yi kuka a lokacin kuka. Waɗannan biyun ne aka hana mu. Na ji uzurin matiron, na juya shi shekara da shekaru, wataƙila ma da gaskiyarta, wataƙila da ta faɗa ni kaina da ban gama makaranta ba. Duk da haka ban yafe ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Ta zaɓi kalmar da za ta kuɓutar da ita daga ƙarya, ta bar yara da ɗaukar sauran. Ita kuwa mahaifiyata, da na tambaye ta, cewa ta yi ba ta tabbatar ba, kuma ba ta so ya fito daga bakinta. Gidan su 'yar Doguwa har yau babu wadda ta taka a cikinmu, don babu wadda ta san ƙauyen.

Sai bayan na gama makaranta, na fara koyarwa a Tudun Wada, na koma gai da Inna. Na tarar za ta ɗebo ruwa, na karɓi tulu ɗaya na bi ta. Ruwan dam ɗin ya cika fal, ba a hango ɗaya gaɓar. Muna tsaye a bakinsa na ce, "Inna, ki gafarce ni. Na tambayi kowa an ƙi gaya mini. Ina aka kai ta?"

Ta cika tulunta tukuna, sannan ta miƙe.

Ta ce, "A hanyar asibiti ta cika. Masu motar makarantar kuma tsohon garinmu suka sani, can suka nufa da ita. Mun riga mun tashi. Wasu maza suka tarar suna cire azara, su suka sallace ta suka rufe, saboda zafi. Sai washegari aka zo aka gaya mana. Babanta ya je ya ga wurin sau ɗaya, da damina ta faɗi ruwa ya hau."

Ta nuna tsakiyar ruwan da haɓa.

"Tana can, 'yar nan. Ɗauki tulunki, shi muke sha."