Ranar da Na Faɗi a Sahun Juma'a

Kun daɗe ba ku ji ni a nan ba. Tsufa ne, ba fushi ba. Jiya na ji wani ya daina shan maganin hawan jini saboda jiri, shi ya sa zan ba ku nawa labarin.

Saura 'yan shekaru a sami 'yancin kai, ina saurayi, ina ɗinki a Tudun Wada. An sa mini rana da Hajara, 'yar Malam Sule mai sayar da yadi.

Ciwon ƙeya ne ya fara. Sai haɓo. Sai kafar allura ta fara ɓace mini.

Inna ta ce jini ne ya yi yawa, ta kira wanzami ya kafa mini ƙaho. Jini ya fita, ciwo yana nan daram.

A asibiti aka ɗaura mini wani abu a dantse ana hurawa, aka gwada fitsari, aka haska cikin idona. Likitan ba ya jin Hausa. 

Ta bakin tafinta ya ce hawan jini ne, amma jinina bai yi yawa ba. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wurin da ke aika wa hanyoyin jini saƙo ta jijiyoyi, su matse ko su saki. Nawa umarnin matsewa kawai yake bayarwa. Ya ba ni ƙwaya mai tare saƙon, mai tsadar da ke lashe rabin cinikina.

Ya ce, "Amma ka riƙa tashi kamar tsoho. In ka zabura, jini ba zai kai kanka ba."

Ranar Juma'a liman ya yi kabbara, na miƙe daga sujada tare da kowa. Ban san sauran ba. Na farka a ƙasa, jama'a sun ja baya suna leƙena.

Kafin la'asar unguwa ta gama yanke hukunci: farfaɗiya ce. A lokacin an ɗauka ana kamuwa da ita ta yawu. Ko a sahu, ba mai yarda kafaɗarsa ta taɓa tawa.

Sai labari ya zo cewa dangin Hajara na so a mayar da kayan aure.

Na shiga uku. In bar ƙwaya, likita ya ce makanta ko shanyewar jiki. In ci gaba, in rasa Hajara. Abinci ya daina shiga.

Ashe Malam Sule ya je asibiti da kansa ya tambaya, aka ce masa ba farfaɗiya ba ce. Ban sani ba, don ko hanya ba ma haɗawa saboda kunyar surukuta.

Juma'a ta zagayo. Na tsaya, dama fili, hagu fili. Sai na ji kafaɗa ta manne da tawa. Shi ne.

Bai dube ni ba ya ce, "Yi a zaune, ɗana. Ni ma yau gwiwata ba daɗi."

Gwiwarsa lafiya lau. A zaune muka yi sallar, ni da shi, a gaban kowa.

Sannu a hankali aka daidaita mini magani, ido ya washe, na koma kan keken ɗinki.

Shawarata: ku je a auna ku, ƙaho ba ya maganin hawan jini. In ƙwaya ta sa jiri, ku koma wa likita, kada ku daina da kanku. In wani ya faɗi, ku tallabe shi, ba ɗauka ake yi ba.

Alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan Malam Sule. Hajara ta haifa mini 'ya'ya bakwai, na farko sunan Malam Sule ya ci.