Dawar da Na Aika wa Ɗiyar Ƙanena

Ɗiyar ƙanena tana karatun digiri na uku a ƙasar waje. Aikinta karanta ƙwayoyin halittar tsiro da kwamfuta, ta ga yadda suke aiki tare. Ta zaɓi tsohuwar dawar ƙauyukan bayan Ribah, wadda ƙuduji, ciyawar nan mai shanye dawa, ba ya kashewa, tana son gano dalili. Da yake ina jin Dakarci, yaren mutanen wurin, ni ta roƙa in tattaro mata iri.

Na hau bayan babur na bi gida-gida. Na zauna a Sudan da Ghana, na ga manoman da ke ɓoye irinsu, sai ka yi zarya kafin su nuna maka. Mutanenmu kuwa ko tambaya ba su yi ba. Duk gidan da na shiga, a ba ni ruwa, a fito mini da dawa mai tsabta, manyan ƙwara. Na zuba a ambulan, na rubuta sunan ƙauye, na aika.

Shekara guda tana aiki a kai. Wata safiya ta kira ni.

"Baba, wa ya ba ka dawar nan?"

"Masu ita mana."

"Duk abu ɗaya ce, Baba. Irin shago ne. Shekara guda ina karanta abin da duniya ta riga ta karanta."

Malaminta ya ba ta damina ɗaya: ko ta kawo tsohon irin, ko ta ajiye karatun.

Kafin nan 'yan bindiga sun tashi ƙauyukan. Na samu wata tsohuwa cikin waɗanda suka ba ni dawa, tana raɓe a gidan ɗan'uwanta a Zuru.

"Inna, don me kika ba ni irin shago?"

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Alhaji, kai da furfurarka! Baƙo ya zo da babbar riga da biro, sai in sauko mishi da zangarniyar da ke rataye bisa murhu, baƙa ƙirin da hayaƙi? A ce mun raina ka?"

Uwata ma haka za ta yi. Na san wannan tun ina ƙarami, yawon duniya ya mantar da ni.

"To ina zangarniyar yanzu?"

"Rumbuna sun ƙone. Wadda na ƙulla a bakin zani, kunu muka yi da ita a hanya."

Na tambaya a Bena, na aika Mahuta. Wasu sun cinye tasu, wasu sun bar ta a rataye inda ba mai iya komawa. Wani dattijo ya ce a daina neman irin da ba gonar shuka shi.

Damina ta wuce. Ɗiyar ƙanena ta kira ta ce tana haɗa kaya za ta dawo gida, kada in gaya wa mahaifinta tukuna. Kullum muna haɗuwa da shi a masallaci, yana tambayata yaushe Dakta za ta gama. Har yau ban faɗa masa ba.